Ruwan da Ya Ƙi Washewa

Sufeto Abdulbaƙi Lawal bai ko kai ga zama a kujerarsa ba safiyar wata Talata, sai Saja Hassana ta leƙo ofishin da waya a hannu.

"Oga, daga Masaukin Zumunta ne, bayan titin jirgin ƙasa. An tsinci mutum a sume a ɗakin inji."

"Injin wuta?"

"Injin ruwa. Wai suna da tafkin iyo."

Sufeto ya dube ta. Ya daɗe yana aiki a Agege, ya kuma san Masaukin Zumunta, inda fataken shanu ke sauka idan sun kawo kaya Oko-Oba, amma bai taɓa jin akwai wani tafki a ciki ba.

Motar ofis ta ƙi tashi kamar yadda ta saba. Suka tari keke, gosulo ya riƙe su a bakin gada, wata motar haya danfo ta tokare gaba tana lodi a tsakiyar titi. Kafin su isa, an riga an wuce da mutumin asibiti, Sufeto kuwa rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

Mai masaukin, Hajiya Iyatu, tana tsaye a tsakar gida tana jiran su. Dattijuwa ce mai kaifin murya. Mijinta, Alhaji Abdulrauf, shi ya gina wurin. Da ya rasu ta koma Zariya wajen 'yarta, ta bar komai a hannun ƙaninsa Sunusi, sai bana ta dawo.

Ta ja su ta wani lungu zuwa bayan ginin. Ga tafkin nan kuwa, mai tsawo, an shafe bakinsa da sabon fenti, amma ruwan ciki kore shar kamar miyar kuka. Ko matakalar farko ba a gani.

"Ka ga abin da nake fama da shi ke nan, Sufeto," in ji Hajiya. "Bara da ruwa ya ci unguwar nan, yara biyu suka tafi a kwalbati saboda ba su iya iyo ba. Na ce tafkin Alhaji yana nan a yashe, zan gyara shi, a riƙa koya wa yara, mata ma a ware musu ranarsu. Na ɗauko wasu 'yan Nijar, wa da ƙane, aka ce sun iya. Yau ruwa ya washe, jibi ya koma haka. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yanzu kuma ga ƙaramin nan, Souleymane, yana neman mutuwa a gidana."

"Wa ya fara ganin sa?"

Mai gadi ya matso. Sunansa Sale, siriri ne, yana ta murza hularsa a hannu.

"Ni ne, Yallaɓai. Na ji tari, na zo na tarar da shi a ƙasa, na janyo shi ta ƙafa."

"Kafin nan wa ya shigo bayan gidan?"

"Babu kowa. Ina bakin ƙofa tun asuba."

"Tafkin nan, da Hajiya ba ta nan, me ake yi da shi?"

"Komai ba a yi. A bushe yake, sai ganye."

Ɗakin injin ɗan ƙarami ne, ba taga. Tun daga nesa wari ya daki hancin Sufeto, idonsa ya fara ruwa. Ya toshe hanci da hankici ya leƙa. Ga famfo, ga wani ƙaton tulun roba mai agogo a kansa, ga bokitin farar hoda a buɗe, rabinta ta narke ta koma wani irin kunu ruwan ɗorawa. Kusa da shi wata jarka ce a kwance, babu murfi. Ya duba kwaɗon ƙofar. Ba a fasa shi ba.

"Ina manajan?" ya tambaya bayan ya fito yana tari.

"Sunusi ya tafi Abekuta tun jiya," in ji Hajiya. "Na kira bai ɗauka ba, sai saƙo ya turo, wai yana cikin taro."

A asibiti likita ya hana su shiga. Ya ce iskar kulorin ce ta ƙona wa Souleymane maƙogwaro da huhu, yana kan iskar numfashi, ba zai iya magana ba sai an ga abin da hali ya yi. Sufeto ya yi tsaki. Mutum ɗaya da ya san abin da ya faru, ga shi a bayan gilashi ba baki.

A kan bencin baranda suka sami yayan, Idrissa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai ne kake aikin tare da shi?"

"Ni ne, Yallaɓai. Ni na koya masa."

"Me kuka koya, haɗa guba a ɗaki?"

Idrissa ya ɗago da jajayen idanu. "Wallahi Souleymane ba zai zuba asid cikin kulorin ba ko da barci yake. Abu na farko da ake koya wa mutum ke nan. Ko ɗaki ɗaya ba mu ajiye su. Kulorin yana ɗakin inji, asid yana sito bayan kicin."

"To me ya kai jarkar can?"

"Abin da nake tambayar kaina ke nan."

"Makullin ɗakin fa?"

"Ɗaya na wurinmu, ɗaya a rataye a ofishin manaja. Kowa na iya ɗauka."

Sufeto ya zauna gefensa. "Yi mini bayanin ruwan nan. Me ya sa ya ƙi?"

Idrissa ya share fuska. Ya ce sun tarar da tafkin babu ruwa, sai laka a ƙasa. Suka kwashe, suka wanke, suka cika shi da ruwan burtsatse. Da farko akan gyara tsamin ruwa, domin in ya yi kaifi yana cin ido da ƙarfe, in kuma ya yi sanyi da yawa kulorin ba ya aiki. Bayan nan a zuba kulorin mai yawa da yamma, don rana tana cinye shi, a bar famfo yana ta juya ruwa ta cikin filta, wato tulun nan mai yashi. Sun yi duk wannan. Ruwa ya yi garau. Da safe suka auna, kulorin ya ɓace kamar ba a zuba ba. Kwana kaɗan gansakuka ta dawo.

"Mun ce ko ƙarfen burtsatse ne, ba shi ba ne. Mun ce ko hodar ce ta lalace, muka canza shago a Mushin, duk ɗaya. Wani abu ne ke cin kulorin ɗin nan, Yallaɓai, ban san mene ne ba. Hajiya kuma gani take sayar da kayan muke yi."

"Filtar lafiyarta ƙalau?"

Idrissa ya kau da kai. "Ƙalau. Sabon yashi na zuba mata."

Da suka koma ofis DPO ya kira Sufeto.

"Abdulbaƙi, wannan ai ba kes ba ne. Sakacin ma'aikata ne. Kama yayan, a rubuta, a wuce wurin. Muna da fashi biyu a kan tebur."

"Oga, jarkar ba a ɗakin take zama ba. Wani ne ya kawo ta."

"Ka ga wanin?"

"Ban gan shi ba tukuna."

"To zuwa Juma'a. In babu, ka kawo mini ɗan Nijar ɗin."

Sufeto ya nemi a kai ruwan ɗakin gwaji, aka ce sai an rubuta wa hedikwata, amsa kuma sai wani watan. Ya nemi a duba sawun yatsa a jikin jarkar, aka ce ma'aikatan masaukin sun riga sun ɗauke ta da hannu sun wanke. Ya kira Sunusi, waya ta yi ta ringi. Can sai ga saƙo: taro bai ƙare ba.

Ya jefa wayar kan tebur.

"Saja, tunda ba mu da ɗakin gwaji, tafkin zai zama ɗakin gwajinmu. Nemo mini Idrissa."

Washegari da hantsi suka haɗu a bakin tafkin. An bar ƙofar ɗakin inji a buɗe, warin ya lafa. Idrissa ya ɗebo ruwa a wata 'yar kwalba mai gida biyu, ya ɗiga magani a kowane. Gidan kulorin ya tsaya fari fat, ko alamar ɗorawa babu. Gidan tsami ya koma shunayya.

"Ka gani. Kulorin babu, tsami kuma ya gudu."

Sufeto ya shiga ɗakin inji ya tsaya gaban tulun. Allurar agogon tana can cikin ja.

"Wannan me take nufi?"

"Filta ta toshe."

"Sabon yashi ne ya toshe haka? Buɗe mini."

"Yallaɓai, buɗe ta aiki ne babba..."

"Ina da lokaci. Buɗe."

Idrissa ya ɗauko sifana yana jan jiki. Da murfin ya tashi, wani ƙarni ya cika ɗakin. Sufeto ya haska da fitilar waya. Yashin ya dunƙule ya yi tauri kamar siminti, ruwa ya haƙa ramuka ta gefe yana wucewa ba tare da an tace shi ba. A saman kuma wani irin dagwalo ne ruwan ƙasa, mai maiƙo.

"Wannan ne sabon yashin?"

Idrissa ya sunkuyar da kai.

"Ina tambayar ka!"

"Ban canza ba, Yallaɓai. Hajiya ta matsa a gama, yashin filta kuma bai samu a lokacin ba. Na juya ruwa baya na wanke shi kawai, na ce zai kai mu."

"Ƙanenka yana kwance, ina neman wanda ya yi masa haka, kai kuma kana yi mini ƙarya! Ka san DPO ya ce in rufe ka?"

"Na yi kuskure. Amma tsohon yashi ruwa yake sa wa ya yi duhu, ba ya cin kulorin. Wannan maiƙon kuma ban san shi ba. Ba irin dattin tafki ba ne."

Saja Hassana, da take tsaye a bakin ƙofa, ta nuna wani ƙaramin gilashi a gaban famfon. "Wannan fa?"

"Kwandon tare shara ne. Souleymane ke zazzage shi kullum da safe. Tun jiya ba wanda ya taɓa."

Aka ciro kwandon. Ban da ganyen mangwaro, cike yake da wasu ƙwayoyi ruwan ƙasa, sun kumbura kamar jiƙaƙƙen wake. Saja ta ɗauki ɗaya ta murje ta shinshina.

"Oga, abincin kifi ne. Irin wanda ake ba tarwaɗa. Maƙwabciyarmu tana kiwo, kullum da warin nan muke tashi."

Idrissa ya dafe kai. "Wala! Shi ne. Garin kifi da mai. Duk kulorin da muka zuba, wannan yake ƙonewa, abin da ya rage kuma gansakuka ta ci ta ƙoshi."

"Me ya sa ba ku taɓa gani a kwandon ba?"

"In an jiƙa shi ya narke kafin a zuba, ba abin da za a gani sai duhun ruwa."

Sufeto ya juya ƙwayar a tafin hannunsa. Ashe mai zubawar ya saba jiƙawa, jiya ne kawai ya watsa shi a bushe. Wani abu ya sa shi gaggawa.

Ya fito ya sami Hajiya Iyatu. "Hajiya, daga yau bayan gidan nan yana hannun 'yan sanda. Zan sa nawa kwaɗon. Idrissa kaɗai zai shiga, shi ma sai da mu. A sayo yashin filta na gaskiya."

"Ni zan sake sayen kaya? Mutumin da ya yi mini ƙarya za ka mayar mini?"

"Shi ya ɓata filta, shi zai gyara. In ruwa ya sake komawa kore alhali a kulle yake, da hannuna zan kai shi sel."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Idrissa ya kwashe tsohon yashi da kwano, ya tarar biyu daga cikin yatsun robar da ke ƙasan tulun sun tsage, sai da aka koma Mushin neman irinsu, aka kawo wasu ba su shiga ba, aka sake komawa. Aka zuba sabon yashi, aka tada famfo, wuta ta ɗauke. Aka tada janareto, mai ya ƙare. Sufeto yana zaune a kan bulo, hula a gwiwa, yana kallon ruwa kamar mai gadin gona, wayarsa kuma ba ta daina kawo kiran DPO ba.

Idrissa ya zubar da wani kaso na ruwan ya ƙara sabo. Ya tsarma asid a bokiti, yana zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, ya zagaya da shi bakin tafkin. Ya jira, ya auna. Shunayya ta sauka amma ba ta kai ba. Ya ƙara kaɗan, ya sake jira. Sai da gidan tsami ya tsaya a ja mai haske sannan ya yarda. Da la'asar sakaliya ya narka kulorin mai yawa ya zuba, ya bi bango da buroshi mai dogon hannu yana kankare gansakuka.

Da safe ruwan ya bar kore ya koma fari kamar an dama koko.

"Wannan kuma mene ne?" Sufeto ya tambaya a fusace. "Jiya miyar kuka, yau koko?"

"Gansakukar ce ta mutu, Yallaɓai. Yanzu aikin filta ne."

Idrissa ya ɗiga magani a kwalba. Gidan kulorin ya yi ɗorawa. Karo na farko ke nan da kulorin ya kwana a tafkin.

Duk lokacin da allurar agogo ta hau, Idrissa ya kashe famfo ya juya ruwa baya, datti ya fita ta magudana, ya sake tadawa. Ya sa tiyo ya zuƙe abin da ya kwanta a ƙasa. Zuwa yammacin Alhamis ana iya ƙirga tayil ɗin ƙasan tafkin daga sama. Da ruwa ya washe ne Saja ta hango wani abu fari maƙale a ragar magudanar ƙasa. Idrissa ya nutsa ya ciro. Ƙashin kan tarwaɗa ne, babba, ya tsufa ya yi fari.

Sufeto ya sa aka kira Sale. Ya ajiye ƙashin da kwandon ƙwayoyi a kan teburin ofishin manaja.

"Malam Sale, ka ce tafkin nan a bushe yake shekara da shekaru."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Tarwaɗa a busasshen wuri take girma a garinku?"

Sale ya ci gaba da murza hularsa.

"Tun da na sa kwaɗo ruwa bai sake lalacewa ba. Ma'ana wani ne yake shiga yana ɓatawa. Kai ne mai gadi. Ko kai ne, ko ka san ko wane ne. Souleymane kuma in ya mutu, kes ɗin kisan kai ne. Zaɓi inda za ka tsaya."

Hular ta faɗi daga hannun Sale.

"Yallaɓai, ina da iyali a gida. Oga Sunusi ne ya ɗauke ni aiki."

"Ci gaba."

"Bayan Hajiya ta tafi Zariya ya zuba kifi a tafkin. Ya yi ta kiwo, masu farfesu daga Ikeja har Mushin nan suke zuwa saye. Da aka ce Hajiya za ta dawo, muka kwashe su cikin gaggawa, ya kai su wani fili a Oko-Oba ya zuba a tankunan roba. Ya ce in na faɗa, in nemi wani aikin."

"Wa ke zuba abincin kifi a ruwan?"

"Ban taɓa gani da idona ba. Amma kullum bayan asuba yakan zo da bokiti, ya aike ni sayen ƙosai da burodi."

"Ranar Talata ma?"

"Har ranar. Da na dawo na gan shi yana fita ta ƙaramar ƙofa da sauri, ya rufe fuska da riga. Ban jima ba Souleymane ya iso."

"Mutumin da yake Abekuta tun Litinin?"

"Ba inda ya je, Yallaɓai."

Safiyar Juma'a Sale ya kai su filin. Yana bayan mayanka, ana bi ta tsakanin masu shanyar fata da masu tura naman safe. Katanga ce ta langa-langa, a ciki tankuna baƙaƙe a jere, ruwan cikinsu yana ta zaɓaɓɓaka saboda cunkoson kifi. A gefe an tara matattu a cikin baro, ƙuda ya rufe su.

Wani mutum mai jiki yana tsaye da koma a hannu, ya sa baƙin tabarau duk da hadarin da ya rufe rana.

"Malam Sunusi? Sannu da dawowa daga Abekuta."

Mutumin ya buɗe baki zai amsa, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, dafe da bakin tanki. Da muryar ta fito, a dishe take kamar ana goga ƙarfe.

"Jiya... jiya na dawo. Mura na kwaso."

"Shi ya sa ba ka ɗaukar waya. Cire tabarau."

"Ciwon ido nake."

"Cire."

Idanun sun yi jawur, fatarsu ta kumbura. Sufeto ya ga irinsu a bayan gilashin asibiti.

"Kifin nan na wane ne?"

"Nawa ne. Kiwo laifi ne?"

"A ina suka girma?"

"A nan."

Saja Hassana ta fito daga wata 'yar rumfa riƙe da bokiti mai busasshen dagwalo a ciki, da wata shuɗiyar riga. Gaban rigar duk ya yi dabbare-dabbaren fari, inda launi ya ƙone.

"Oga, a bayan buhunan abinci na same su."

Sufeto ya karɓi rigar ya ɗaga ta a gaban Sunusi. "Mura ce ta yi wannan ma? Sale ya yi magana. Likita kuma zai duba maƙogwaronka ya gaya mana abin da ka shaƙa. Kana so mu bi ta doguwar hanya, ko za ka taƙaita mana?"

Sunusi ya dubi Sale, Sale ya dubi ƙasa. Sai ya saki komar, ya zauna a kan buhu.

"Ni na riƙe gidan nan," ya ce a hankali. "Yaya ya rasu, matarsa ta tafi, baƙi suka ragu. Da kifin nan na riƙa biyan ma'aikata, na gyara rufi. Ba wanda ya tambaye ni yadda nake yi. Rana ɗaya ta dawo ta ce yara za su yi wanka. Ka dubi tankunan nan, kullum sai na kwashe matattu. Na ce in ruwa ya ƙi, za ta gaji ta koma Zariya, in mayar da su."

"Sai ka riƙa jiƙa abinci kana zubawa."

"Eh."

"Asid ɗin fa?"

"Na ga ba su da niyyar gajiya. Sun sayo sabon bokitin kulorin. Na taɓa jin Idrissa yana gaya wa ƙanensa kada ya kuskura ya haɗa su, na zaci lalacewa kawai hodar take yi. Ina zubawa hayaƙi ya taso mini. Na fito ban ko gani, na watsa abincin a haka, na gudu."

"Ka ja ƙofar ka rufe?"

Sunusi ya kau da kai.

"Ka rufe ƙofar, ka mayar da kwaɗo, alhali ka san Souleymane na zuwa duba inji kowace safiya?"

"Tsoro na ji kada a ji wari."

"Ka shaƙi abin da kanka. Ka san yadda yake. Waya ɗaya za ka yi ka ce kada ya shiga."

"Da na yi, ai an gane ni ne."

Sufeto ya daɗe yana kallon sa. Ya yi wa Saja alama, ta ciro ankwa.

Suna fitowa sai ga keke ya tsaya, Hajiya Iyatu ta sauko, Idrissa na biye da ita. Daga asibiti suke, Saja ce ta kira su ta faɗa musu wurin. An cire wa Souleymane iskar numfashi, in ji Idrissa, ya sha ruwa, ya yi magana kaɗan, amma likita ya ce huhunsa ba zai sake jure warin kulorin ba. Sana'ar ta ƙare masa ke nan.

Hajiya ta tsaya gaban ƙanin mijinta. Ta dubi ankwar, ta dubi tankunan.

"Sunusi, da ka buɗe baki ka ce mini kana da kifi, filin Alhaji na Abule-Egba yana nan ba abin da ake yi da shi. Da na ce ka haƙa rami goma in kana so."

"Hajiya, na ji kunya ne..."

"Ba ka ji ba," ta ce, ta juya masa baya.

Sale ya matso kusa da Idrissa. Ya dafa kafaɗarsa ya riƙe shi.

Motar ofis ta samu ta iso a ranar. Mahauta da masu fata sun taru a bakin langa-langar suna kallo. An kai Sunusi bakin mota, ya sa ƙafa ɗaya, sai ya waiwayo.

"Sufeto, don Allah a samu wanda zai canza musu ruwa kafin azahar. In ba haka ba duk za su mutu."

Sufeto Abdulbaƙi ya riƙe ƙofar motar.

"Tun da muka zo nake jira ka tambayi yadda Souleymane yake," ya ce. "An ma faɗa a gabanka, ko kai ba ka ɗaga ba. Shiga mu tafi."

Ya rufe ƙofar, ya zagaya ya zauna gaba, ya ce wa direba ya ja.